Hannun Taubashina

Ƙofar Wambai, Bauchi
Muharram, 1445

Zuwa ga Yagana 'yar Kawu Ikrima, mai wahalar da marasa lafiya a Jidda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa daidai matsayinki, wato 'yar kaɗan, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da aiki. Mu nan lafiya lau. Gwaggonki tana fama da gwiwa, ta ce in gaishe ki, na ce sai in takarda ta rage. Kawu ma na leƙa shi ranar Juma'a, na tarar ya fi ni cin tuwo. Ummi da yara suna gaisuwa.

Alhaji Hammawa zai tafi Umara, shi zai miƙa miki wannan. Na san za ki ce wa ke rubuta wasiƙa ga waya a aljihu. To, tsiyar da aka yi wa mutum a waya iska ke kwashe ta, ta takarda kuwa sai ya ajiye ya riƙa dubawa. Tun kina makarantar kwana nake rubuto miki, kina amsawa da cewa ni bawanki ne, don ni ɗan mace ne ke 'yar namiji. Har yau dai ban ga wanda ya shaida cinikin ba.

Ɗanki Musaddiƙ ya zo kafin ya tafi bautar ƙasa, ya kawo farar shadda. Wai kin ce rigar aurensa ba wanda zai ɗinka sai ni, kuma da hannu, ba da keke ba. Ashe kin san darajata, a baki ne kawai kike musu. Na zana aska takwas a jikinta, har na fara zuba zare a aljihu. Ya ce bikin sai ya dawo ya zauna, don haka akwai lokaci.

Sai dai aikin ya ɗan tsaya. Ranar layya, ragon da na sayo a Miri ya nuna min shi ma yana son ransa. Ni na danne shi, maƙwabcina Ya'u, abokin ɗinkina, yana riƙe da wuƙa. Ragon ya yi wata irin zabura, wuƙar ta zame ta same ni a cikin wuyan hannun dama. Jini kam an zubar, har Ummi ta ce ba ta san wanne ne layyar ba, ni ko ragon. An kai ni wani ƙaramin asibiti aka ɗinke wurin. Ɗinkin dai, da a rumfarmu aka yi shi da na sa an warware.

Yanzu ya warke sumul. Abin da ya rage, babban yatsa da manuni da na tsakiya sun sage, kamar na wani ne aka ara min. In na ɗauki allura sai na duba da ido kafin in tabbatar tana hannuna. Mutane sun ce jini ne bai gama komowa ba. Ke da kike zaune a ɗakin gwajin jijiya kina shan sanyin na'ura, sai ki faɗa min ko in fara rabon gado.

A aiko da dabino na gaske wannan karon.

Ubangidanki,
Abdulbaƙi


Jidda
Rabi'ul Awwal, 1445

Bawana Abdulbaƙi,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, maigida lafiya, aiki sai godiya. Ka gaishe min da Gwaggo, ka ce ta riƙa shan maganin da na aiko. Ka gaida Ummi, baiwar Allah mai haƙuri, wadda ban san laifin da ta yi aka haɗa ta da kai ba.

Wasiƙarka ta iso. Na karanta a ɗakin hutu ina dariya, har wata 'yar Masar ta tambaye ni ko albishir aka yi min. Abdulbaƙi, wai ba ka gajiya? Shekarar da na zo ƙasar nan ka rubuto wai Keke Napep ya murƙushe maka ƙafa, za a yanke. Na yi kuka a gaban mutane, na kira Gwaggo, ta ce ga ka nan zaune kana shan fura, ka ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Bayan nan ka ce wai ido ya mutu. Bana kuma an sauko hannu.

Amma na yaba maka, wannan karon ka yi shiri. Babba da manuni da na tsakiya, ka bar ƙaramin. Haka jijiyar take tafiya a littafi, ba ka kuskure ko ɗaya ba. Faɗa min gaskiya, wane ma'aikacin asibiti ka saya wa shayi ya tsara maka ita? Ka ce na gaishe shi, ya iya aikinsa.

Ni kullum hannuwa nake gani, na direbobi, na masu dako, na tsofaffi masu ciwon sukari. Na san mai ciwo, na kuma san malalacin da aka ba aska takwas yana neman hanyar da zai mayar da ita aska biyu. Rigar ɗana ce, ka zauna ka ɗinka. In na zo biki na ga zare ɗaya a karkace, a gaban surukai zan tona ka.

Ga dabino nan ta hannun wata Hajiya 'yar Gwallaga. Na gaske ne, amma na Gwaggo da Baba ne. Kai ka riga ka sami naka bara, kwali guda na ƙwallaye. An ce har mutane ka tara kafin ka buɗe.

Uwar ɗakinka,
Yagana


Ƙofar Wambai
Rajab, 1445

Zuwa ga Yagana, likitar da ba ta yarda da ciwo ba,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya. Gida kowa ƙalau. Kawu ya yi mura ya warke. Dabino ya iso, na taya Gwaggonki cin nata saboda tausayin haƙoranta.

Maganar hannu kuwa, ba wanda ya tsara min komai. Kwanaki ina goge wata riga da dutsen guga na gawayi, sai Ummi ta fizge shi, ta ce ƙaurin me take ji haka. Ashe yatsana ne a jikin ƙarfen. Wurin ya tashi ya ɗuri ruwa, ni ban ji komai ba. Sannan tudun nan na gindin babban yatsa ya lotsa. Na hagu yana nan a cike, na dama kamar an kwashe naman da cokali. Biro ma tsakanin yatsu nake maƙale shi, shi ya sa rubutun ya koma irin naki.

An yi ƙaho, an shafa man kaɗanya da zafi, an yi tofi. Duk wanda ya ce yaya jiki sai in ce da sauƙi, don ban san me zan nuna masa ba. Babu kumburi, babu zogi, tabo ne kawai.

Rigar tana nan ina lallaɓa ta. Aikin da nake gamawa a wuni yanzu sai ya ci mako, in na ɗaga ta a rana na ga zaren ya kauce kuma in warware. Tun ina ɗan shekara goma allura take hannuna, ban taɓa jin kunyar ɗinkina ba sai bana.

Yagana, wannan karon ba wasa nake ba. Na san haka na rubuta a na ƙafa, haka kuma a na ido. To ya zan yi, kalmomin ke nan, ba ni da wasu. In kina da maganin da ya fi ƙwallon dabino, a taimaka.

Ubangidanki har yanzu,
Abdulbaƙi


Jidda
Ramadan, 1445

Bawana,

Barka da shan ruwa. Muna lafiya. Allah ya karɓi ibadarmu, har da taka in akwai. Ka gaida Gwaggo da Baba da Ummi.

Wasiƙar nan taka ta hana ni sukuni. Ƙunar da ba a ji ba da tudun da ya lotsa, ko dai malamin naka ya ƙara ƙwarewa, ko kuwa gaskiya kake faɗi. In ƙarya ce ka ci ni, na yarda. In gaskiya ce, ka buɗe kunnen nan naka.

Jijiyar da ke wuyan hannu kamar wayar wuta take. Ita ke kai saƙo zuwa tsoka, ita ke dawo da ji daga fata. In wuƙa ta tsinka ta, fata tana iya warkewa a sama ita tana nan a tsinke a ƙasa. Tsokar da saƙo ya daina isa gare ta ramewa take yi. In aka daɗe sosai, ko an haɗa jijiyar daga baya ba ta tashi.

Ka je babban asibiti ka ce kana son gwajin jijiya da tsoka, irin wanda nake yi a nan. In babu na'urar a Bauchi za su faɗa maka inda take. Za su manna maka wasu 'yan faifai a hannu, su sakar maka wutar lantarki kaɗan-kaɗan, su ga ko tana bin jijiyar ta isa yatsa. Daga nan su soka siririyar allura a cikin tsokar, su kunna lasifika su saurara, don tsoka tana da ƙarar da take yi. Da wannan likita zai san ko a tsinke take da inda ta tsinke, a yi maka aiki tun da sauran lokaci.

Ka daɗe kana soka wa shaddar mutane allura, yau ga ranar ramuwa. Ka tafi da wanda zai ɗauko min hotonka lokacin da wutar ta shige ka, ina so in sa a bango.

Shekaranjiya da na kira ka, ka ce, "To likita, an gama, zan je." Na ji daɗi. Kada ka bari Sallah ta wuce.

Uwar ɗakinka,
Yagana


Ƙofar Wambai
Shawwal, 1445

Zuwa ga Yagana, shugabar maƙaryatan Jidda da kewaye,

Barka da Sallah. Mun yi lafiya, kowa ƙalau. Gwaggonki ta sa atamfar da kika aiko, ta hana kowa zama kusa da ita.

Gaskiya na sara miki. Na karanta wasiƙarki a rumfarmu ta Gwallaga, gaban masu ɗinki duka. Da na zo inda za a jona min wuta, Ya'u saura kaɗan ya faɗo daga benci. Da na zo inda za a kunna lasifika a saurari nama, wani dattijo ya ce a tambaye ki, naman da Hausa zai yi magana ko da Larabci. Da na zo wajen hoto kuwa, kowa ya ce ai ga inda ta tona kanta.

Ni za ki yi wa haka? Ni da kika sa na fasa ɗanyen ƙwai a ka na zauna cikin rana, wai maganin sanƙo ne da likitocin Jidda suka gano? A lokacin ma haka kika tsara shi, da bayani tiryan-tiryan kamar mai karanta littafi. Ƙudajen Ƙofar Wambai har yau in sun gan ni suna gaishe ni. So kike in je in tsaya gaban likita in ce a jona min wuta, a kira min masu gadi. Da kika kira na ce zan je, ai biye miki na yi. Alhaji Hammawa ma, da ya dawo daga Umarar azumi, ya ce ya ga dariya a idonki lokacin da kika ba shi takardar.

Hannun yana nan yadda yake. Na sami wani mai magani a Miri, ya ce jijiya ce ta kwanta, za ta tashi in damina ta sauka. Rigar na naɗe ta na sa a akwati zuwa lokacin, don na gaji da warwara.

Wannan zan ba wani maniyyaci daga unguwarmu. Ki sake shiri, wannan bai kama ni ba.

Wanda ya fi ki wayo,
Abdulbaƙi


Jidda
Muharram, 1446

Yaya Abdulbaƙi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kowa lafiya. Ka gafarce ni, ba zan tsawaita gaisuwa ba.

Wasiƙarka ta Shawwal sai shekaranjiya ta zo hannuna. Alhajin da ka ba ya jefa ta a jaka ya yi aikin Hajjinsa, sai da zai hau jirgi ya tuna. Duk watannin nan ina zaune da cewa ka je an gwada ka. Aikin alhazai ya sha kanmu, in na samu na kira Ummi na ce yaya hannun, sai ta ce da sauƙi.

Jiya na kira ka, ka buɗe muryar wayar don abokanka su ji, ina magana kuna dariya. Na kira Baba na ce ya sa baki. Ya ce shi ba ya shiga wasan taubasai, tun muna yara in ya zo rabonmu shi ke kwasar kunya. Sai na sa Musaddiƙ, tunda ya dawo, ya je ya ɗauko min hoton hannun. Na gani.

Ka girme ni, amma ban taɓa ce maka Yaya ba. Yau na ce, don ka san babu wasa a takardar nan daga samanta har ƙasanta. Dariyar da Alhaji Hammawa ya gani ta maganar hoto ce, kuma da na sani ban rubuta ta ba. Gwajin gaskiya ne. Shi nake yi kullum, da shi nake ci. Ƙwai ƙarya ne, dabino ƙarya ne, wannan ba ƙarya ba ne.

Musaddiƙ ya bincika, akwai likitan da ke zuwa da na'urar wani asibiti nan cikin Bauchi ranar Laraba. Zai zo ya ɗauke ka. Ba zan jira ɗan Umara ba, na tura masa hoton wasiƙar ya buga ya kawo maka.

Shekara ta zagayo da yankan nan. Ina jin tsoro, Yaya. Don Allah ka je.

Ƙanwarka,
Yagana


Ƙofar Wambai
Safar, 1446

Yagana,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Gwaggonki da Kawu suna gaishe ki.

Na karanta takardarki ina neman inda za ki soke ni, na kai ƙarshe ban samu ba. Wannan ban kai ta rumfa ba. Ranar Laraba na bi Musaddiƙ.

Ashe duk abin da kika faɗa haka yake, har lasifikar. Ɗaki ne ƙarami, da gado da na'ura mai allo kamar talabijin. Wadda ta manna min faifan wata ce Cecilia, mutuniyar Tafawa Ɓalewa. Ta ga ina kallon wayoyin, ta ce, "Baba, ka bar hannu ya kwanta. Wuta zai taɓa ka kaɗan, ba zai kashe ka ba."

Likita ya ce a fara da hagu don a sami abin kwatance. Ta danna wani abu a wuyan hannuna, na ji fizga kamar an harbe ni da roba, babban yatsan ya yi tsalle shi kaɗai ba da izinina ba. A allon wani layi ya tashi ya yi tudu ya sauka. Na yi dariya na ce ashe yana da wani ubangidan ban da ni.

Aka koma dama. Ta danna, na ji fizgar a sama da tabon, yatsan bai motsa ba. Ta ƙara wuta. Layin yana nan a miƙe. Ta ƙara, ta sake ƙarawa har kafaɗata tana amsawa, ni da ita da likita muna kallon yatsa ɗaya kamar masu jiran baƙo. Daga nan ba wanda ya sake dariya.

Sai allura. A hagu, da ya soka ya ce in ɗaga yatsan da ƙarfi, lasifikar ta kaure da ƙara kamar ana suya. A dama, da ya soka a inda ya lotsa, sai wani ɗigo-ɗigo can ƙasa, irin na yayyafi a kan kwano in ruwa zai ɗauke. Ya ce in ɗaga. Na ɗaga da duk ƙarfina, har na ciji leɓe. Ƙarar ba ta ƙaru ba.

Ya tambaye ni yaushe aka yanke ni. Na ce layyar bara. Ya cire tabarau ya ce, "Duk tsawon nan ba wanda ya ce ka zo?" Na ce an ce. Ya ce to me ya hana. Cecilia ta ce, "Baba, wane ne ya faɗa maka?" Na ce taubashiyata. Tana naɗe waya ta ce, "Mu ma muna da wannan wasan taubasan a wurinmu."

Ya ce jijiyar a tsinke take gaba ɗaya, daidai tabon. Za a iya aiki, a ciro wata 'yar jijiya a ƙafa a yi mata gada. Wataƙila ji ya ɗan dawo a hankali, yadda zan san zafi in janye hannu. Tsokar kuwa an daɗe, ba ya yi min alkawari, amma akwai dabarar da za a yi in riƙe kofi da cokali. Na ce allura fa? Ya ce, "Malam, mu fara da kofi."

Musaddiƙ zai turo miki hoton sakamakon. Hoton da kika ce a ɗauko kuwa ba a ɗauka ba, yaron bai iya ɗaga wayar ba.

Abdulbaƙi


Jidda
Rabi'ul Awwal, 1446

Yaya Abdulbaƙi,

Wa alaikumus salam. Yaya jiki? Kada ka ce min da sauƙi, ka faɗa min yadda yake. Ina gaida kowa.

Na ga sakamakon. Likitan ya faɗa maka gaskiya, ba abin da zan ƙara ko in rage. Ɗigon da ka ji, tsoka ce take motsi ita kaɗai saboda jijiyarta ta daina zuwa. A watannin farko ƙarar tana da yawa, tana raguwa ne in tsokar ta fara haƙura. Kullum nake jin ta a ɗakin nan. Tun da takardarka ta zo, in ta tashi sai in ga hannunka a kan gadon.

Na ciro wasiƙarka ta farko. Ka lissafa min yatsun ɗaya bayan ɗaya, ka faɗi inda wuƙa ta shiga. Da baƙo ne ya shigo ya faɗa min haka, ko sunansa ban sani ba, kafin azahar na tura shi wajen likitan tiyata. A lokacin yankan bai fi wata guda ba, da wataƙila yanzu kana kan benci kana ɗinki. Kai da ka fi kowa kusa da ni, na gane alamar sarai, na yaba maka iya ƙarya. Wannan abin ba ya barina, Yaya. Na yi nadamar da ban san inda zan ajiye ta ba.

Ka yarda a yi aikin, kada a ƙara ko mako. Rigar kuma ka bar ta, don Allah kada ka sa ta a ranka. Musaddiƙ zai sa wata.

Ka yafe min.

Ƙanwarka,
Yagana


Ƙofar Wambai
Jimada Sani, 1446

Yagana 'yar Kawu,

Assalamu alaikum. Da hagu nake rubutun nan, in kin ga layin yana gangara ki bi shi a hankali. Tunda kin hana a ce da sauƙi, ga yadda yake: an yi aikin, an cire zare, hannun yana nan a ɗaure. Yatsun ban fara jin su ba, likita ya ce sai an yi watanni. Ƙafar da aka ciro jijiyar gefenta ya sage. Kin ga ƙaryar ƙafa ma ta biyo ni.

Yafiya na yafe, amma ban ga abin yafewar ba. Kin ƙi yarda da ni a Muharram, na ƙi yarda da ke a Ramadan, kowa da hujjarsa a hannu. In na kwanta ina lissafin wa ya fi laifi, sai in ga mun yi canjaras. Ina baƙin ciki, ba zan ɓoye miki ba. Ina zuwa rumfa in zauna, in ga allura a hannun mutane in kau da kai.

Rigar ba za a sa wata ba. Ya'u ya zo har gida ya roƙe ni in bar shi ya ƙarasa ta da hannu, ya ce tun ranar layyar nan bai sake riƙe wuƙa ba. Na ba shi. Ina zaune gefensa ina zaɓar zare ina yi masa faɗa. Wanda ya san ɗinki zai ga inda hannuna ya tsaya, sauran jama'a ba za su gane ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki daina ce min Yaya. Kowa a garin nan yanzu tausayina yake ji, Ya'u ba ya musu da ni, Ummi ba ta yi min tsiya, har yara sun daina ɓoye min hula. Ke kaɗai kika rage, ke ma kin koma ladabi. Allurar likita ba ta yi min zafin Yayan nan ba. Hannu ya tafi, kada ki haɗa masa da wasan.

Ubangidanki, ko da hagu,
Abdulbaƙi


Jidda
Rajab, 1446

Bawana,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ka gaida Gwaggo da Baba, da Ummi, da Ya'u.

Rubutunka na hagu ya fi na dama kyau, ashe shekara da shekaru da hannun da bai dace ba kake wahalar da mu. Ka dage da motsa yatsun yadda aka nuna maka, malalaci. Na sami hutu, ina nan tafe biki kafin azumi. In na shigo kada ka ɓoye hannun a cikin riga, zan duba shi da kaina, kuma zan duba ɗinkin a rana.

Ka ga na dawo da sunan, tsiya ma za ka sha ta har ka gaji. Amma rabin wasan ba zan iya dawo da shi ba, na gwada. Da ka rubuta cewa gefen ƙafarka ya sage, na san haka aikin yake bari, duk da haka sai da na kira Ummi na sa ta taɓa wurin tana faɗa min.

Daga yau in ka ce kanka na ciwo, na yarda. In ka ce Keke Napep ya sake bi ta kanka, zan yi kuka in kira Gwaggo. Sai ka yi ta ƙaryarka son ranka, ka sami wawiya.

Uwar ɗakinka,
Yagana